Keji Na Sittin Da Huɗu

Lemvig, 7 ga Mayu, 1997

Kawu Verner,

Jiya Talata da safe, sha ɗaya saura kwata, ina tsaye a ɗakin ƙasa gefen sabon tankin ruwan gishiri, na ga bawul ɗin zubarwa ya buɗe da kansa. Ba kowa kusa da shi. Mabuɗinsa na rataye a ƙusa jikin bango, taku goma daga inda nake, hannuwana biyu kuma na kan tiyo ina wanke ƙasa. Na ji ƙas, na ji iska ta shiga, sai ga ruwa yana kwarara cikin kwata. Kafin hankalina ya dawo jikina in ruga in danna jan maɓalli, tankin ya sauka da taƙi biyu.

Ka yafe mini da na fara da wannan kafin gaisuwa, tun jiya shi ke cikin kaina. Ina fata kana lafiya, da Gwaggo Edel da gwiwarta. Mama na gaishe ku. Tarin ya sake ta, har ta koma lambu. Ta ce in tuna maka ku 'ya'yan wa da ƙani ne, amma rabonta da takardarka tun Kirsimeti. Da kunnenka na ɗaukar waya da na kira ka. To, ga takarda.

Ka fi ni sanin darajar ruwan nan. Daga tsohon tanki aka ɗebo shi, kuma Halfdan, babban mai cukunmu, ya ce ruwan ya ninka ni a shekaru, shi ke ba cukun gidan nan ɗanɗanonsa. Da Halfdan ya sauko ya ga kwata bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya taɓa ruwan da yatsa ya kai baki, ya miƙe ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Preben heluma, mai kula da mu ma'aikata, shi kuwa bai raga mini ba. Ya ce, "Troels, bawul ba shi da hannu. Ko fatalwa aka ɗauka aiki ba a gaya mini ba?" Na ce ban taɓa mabuɗin ba. Aka sake tayar da inji, bawul ya zauna a rufe lafiya lau kamar bai taɓa ganina ba.

Da rana Solvej Brask ta zo, ita ce ma'aikaciyar kamfanin da ya haɗa sabon layi. Tsaninka ta kwafa, Kawu, wanda ka rubuta wa akwatin sarrafa tsohon layi a 1983. Ta nuna mini a kwamfutarta, na ga dalilin da kuke ce masa tsani: sanda biyu a tsaye, matakai a tsakani, kowane mataki na cewa in wannan ya kama, wancan ya tashi. Ta ce kowace waya a akwatin tana da adireshinta. Da yake sabon akwati ya fi girma, sai ta matsar da adireshinka duka gaba, sannan ta ƙara mataki ɗaya nata saboda bawul ɗin zubarwa, tunda na tsohon tanki da hannu ake murɗa shi. A gabana ta sa kwamfuta ta nemo adireshin bawul ɗin. Wuri ɗaya ya fito, a matakinta, kuma ba ya tashi sai an murɗa mabuɗi.

Amma ba ta ce na yi ƙarya ba. Ta kifa bokiti ta zauna, ta buɗe baƙin burodinta, ta tambaye ni sau uku me na fara ji, ƙarar ko iskar. Ban taɓa ganin mai ilimi yana saurare haka ba. Tana cikin duba matakan ta ce, "Wanda ya rubuta wannan, ban taɓa ganin irinsa ba. Mataki ɗari uku da goma, rabinsu ko suna bai sa musu ba." Na ce kawuna ne. Ta ɗago ta dube ni.

Watannin gwajina uku na cika shida ga Yuni. Kai ka rubuta wa manaja ya ɗauke ni, shi ya sa na ga gara ka ji daga wurina.

Naka,
Troels

Gudhjem, 12 ga Mayu

Troels,

Muna lafiya. Gwiwar Edel na nan tana mulkin gidan. Ka gaida mahaifiyarka Inger, ka ce mata ita ma tana da alƙalami.

Na karanta takardarka sau biyu. Wato yarinyar kamfani ba ta taɓa ganin irin aikina ba. Na gane. Na san yadda 'yan makaranta ke faɗar wannan magana, na sha jin ta kafin kunnena ya tafi.

Ka gaya mata tsanin nan shekara goma sha huɗu yana aiki, bai taɓa zubar da ko cokali ɗaya ba. Sunaye ban sa ba saboda akwatin wancan zamani da ƙyar ya ɗauki aikin kansa, balle ado. In ta matsar da adireshi abu ya lalace, ta duba hannunta.

Kai kuma, ɗan Inger, in gwiwar hannunka ce ta bugi mabuɗin, ko ka murɗa don ka ga abin da zai faru, ka fito ka faɗa. Kowa na kuskure. Ni na taɓa cika ɗakin injin da madara har idon sawu, na je na faɗa da bakina. Abin da ba na so shi ne in sa sunana a kan mutum, sannan ya jingina laifinsa da aikina.

Edel ta sako kifi mai hayaƙi a kwali. Na mahaifiyarka ne, ba naka ba.

Verner

Lemvig, 21 ga Mayu

Kawu Verner,

Ina gaishe ka, ina gaida Gwaggo Edel. Kifin ya iso, Mama ta ba ni biyu duk da abin da ka ce. Lafiyarta ƙalau, sai dai iskar makon nan ta kwantar mata da wake.

Ni ne ban iya rubutu ba, shi ya sa maganar Solvej ta zo maka a karkace. Da murmushi ta faɗa. Ta buga tsanin duka a takarda ta tafi da shi gida, ta ce tana son ta ga yadda mutum ya cusa aiki mai yawa haka a ɗan ƙaramin wuri. Ban jingina komai da aikinka ba. Duk safiya ina wucewa ta tsohon layi, yana tafiya sumul, mutane har yanzu suna cewa injin Verner. Amma ban taɓa mabuɗin ba, kuma ba zan ce na taɓa ba don a huta.

Jiya ya sake faruwa.

Wannan karon ina kusa da jan maɓalli, taƙi ɗaya kawai ya tafi. Ga abin da nake so ka duba. Ka san karatuna bai yi nisa ba, ban cika yarda da allon kwamfuta ba. Tun ranar da na fara, duk kejin cuku da ƙugiya ta sauke cikin tanki sai in ja layi da alli a jikin ƙofa, biyar-biyar, in an tashi in kwafa a ɗan littafin aljihuna. Har Preben ya sa mini suna Mai Alli. Yawanci muna tashi da hamsin da 'yan kai. Ban da ranaku biyu, wadda ta fi yawa sittin da ɗaya. Jiya madara ta taru saboda hutun Litinin, aiki ya yi yawa, keji na sittin da huɗu na taɓa ruwa na ji ƙas. Da na nutsu na buɗe littafina na duba shida ga wata, lokacin da bawul ya fara buɗewa, ranar da aka juyo mana cukun tsohon layi saboda ana gyaran ƙugiyarsu. A sittin da huɗu allin ya tsaya. Sau biyu kaɗai muka taɓa kaiwa nan, kuma sau biyu bawul ya buɗe.

Na kai wa Preben. Ya ce, "Sittin da huɗu? Je ka buga caca da ita, Mai Alli, wataƙila ka sayi gidan cukun ka sallame mu." Solvej ba ta yi dariya ba. Ta rubuta lambar a bayan hannunta, ta sa kwamfuta ta nema a tsanin duka. Babu inda aka rubuta sittin da huɗu.

Manaja Dalsgaard ya cire ni daga ɗakin ƙasa. An sa wani bawul na hannu a gaban wancan, an kulle. Ya ce ranar shida ga Yuni zai yanke magana, kuma don girmanka ne bai sallame ni nan take ba.

Kawu, lambar nan tana tuna maka wani abu?

Naka,
Troels

Lemvig, 29 ga Mayu

Kawu Verner,

Gaisuwa gare ka da Gwaggo Edel. Muna lafiya. Kwana takwas ke nan ban ji daga gare ka ba. Ina fata fushi ne ba ciwo ba.

Yanzu ina sama, ina wanke mazubin cuku. Tun da aka sa bawul ɗin hannu ko ɗigo bai fita ba, wannan kuma bai taimake ni ba. Preben in ya wuce sai ya ce, "Ashe fatalwar ta biyo ka sama."

Kamfanin Solvej sun ce mata ta rufe maganar, aikinsu ba shi da aibi. Duk da haka ran Litinin da Laraba tana zuwa lokacin cin abincinta. Takan zauna a kan bokitin nan da takardun a cinya, ta ɗora rula a kan mataki ɗaya, ba ta matsar da ita sai ta gane abin da kake nufi, sannan ta rubuta suna da fensir a gefe. Wani matakin minti biyu, wani rabin awa. Jiya na ji ta ce, "Kai, tsohon nan!" tana dariya ita kaɗai. Ta kai mataki ɗari da arba'in. Na ƙirga, ba za ta kai ƙarshe kafin shida ga Yuni ba, ita ma ta sani, amma ba ta tsallake ko ɗaya.

Ban gaya wa Mama ba tukuna. An ce ana neman mutum a wani jirgin kamun kifi a Thyborøn. Ka san ni da teku, ko a jirgin fito amai nake yi.

Naka,
Troels

Gudhjem, 2 ga Yuni

Troels, ɗana,

Lafiyarmu ƙalau, ba ciwo ba ne. Taurin kai ne.

Takardarka ta ashirin da ɗaya ga Mayu na karanta har inda ka ce ba za ka ce ka taɓa mabuɗi ba, sai na ninke na jefa a aljihun tebur, na ce yaron nan gardama yake so. Ta biyun ko buɗewa ban yi ba. Yau da safe Edel na neman almakashi ta ci karo da su. Ta zauna ta karanta, ta ɗauki fensir ta rubuta a gefen jarida da manyan baƙaƙe, tunda haka muke hira yanzu: MENE NE SITTIN DA HUƊU? Cokali ya faɗi daga hannuna.

Ka karanta wannan a hankali, sannan ka kai wa Solvej.

Inji ba ya ƙirga da yatsu goma. Da fitilu takwas a jere yake ƙirga. Ta farko ɗaya ce, ta biyu biyu, ta uku huɗu, haka kowace na ninka ta bayanta. Ta bakwai sittin da huɗu ce. Ba ta kamawa sai ƙirga ta kai nan.

A 1983 wurin ajiya ya ƙare mini a cikin akwatin, ga shi ina bukatar in riƙe ƙirgar keji. Sai na duba na ga jeri na goma sha biyu a katin fita, wanda ke aika umarni ga injuna, adireshi takwas, ba waya ko ɗaya a jikinsu. Na zuba ƙirgar a can. Ba abin da zai motsa, tunda ba abin da ke ɗaure. Har ma na ji daɗin dabarar, don in na buɗe ƙofar akwati ina karanta yawan keji daga 'yan fitilun katin, ba sai na jawo kwamfuta ba. A zanen wayoyi kuwa na bar wurin a rubuce: babu komai. Na ce zan gyara takardar ran Litinin. Shekara goma sha huɗu ke nan.

Da Solvej ta matsar da adireshi, ƙirgata ta bi su zuwa sabon jeri. Ta duba zanena ta ga babu komai, ta ɗaura bawul ɗinta a can. Na rantse a fitila ta bakwai ta ɗaura. Kwamfuta ba za ta nuna mata ba, don ita adireshi ɗaya take nema, ni kuwa jerin duka nake rubutawa a dunƙule. Ranar gwaji ma ba zai nuna ba, don da hannu ake tuƙa injin, ƙirgata kuma ba ta aiki sai yana tafiya da kansa. In ka danna jan maɓalli ƙirgar na komawa sifili, shi ya sa bawul ke yi maka fuskar salihai. Ta duba wajen mataki ɗari biyu da tamanin da wani abu.

Ka nuna wa Dalsgaard wannan takarda, da sunana a ƙasa. Kada ka karɓi gyara a ɓoye. Ka sa a gani da ido, kuma kada ka tsaya kai kaɗai.

Na ce ka murɗa mabuɗi, ba ka murɗa ba. Shekara arba'in na yi cikin injuna, ban taɓa aiki da wanda zai kama wannan da alli ba. Ka yafe mini. Ka ce wa Solvej tsohon ya ji kunya, kuma sunayen da take sa wa matakan ina so in gani.

Kawunka,
Verner

Lemvig, 6 ga Yuni, da yamma

Kawu Verner,

Ina gaishe ka, kuma ka sumbaci Gwaggo Edel a madadina, da ita da almakashinta. Mama lafiya, yanzu na gama ba ta labari duka, ta ce da ta sani da ita za ta zo Gudhjem ta buɗe aljihun teburin. Maganar yafiya kuwa ta wuce, kada ka sake kawo ta.

Takardarka ta iso Laraba, daidai ranar Solvej. A tsaye ta karanta. Ta buɗe takardunta can baya, ta bi da yatsa, ta tsaya a mataki ɗari biyu da tamanin da bakwai. Sannan ta buga goshinta da fensir ta ce, "Ni ina ƙwanƙwasa ɗaki ɗaya, shi kuwa gidan duka ya kama haya." Ta ce dabarar fitilun ta fi duk abin da aka koya mata a makaranta kyau, kuma da kana kusa da ta shaƙe ka.

Preben ya ce tunda an gano, ta gyara kawai a wuce wurin. Ta ce, "A'a. In na gyara yau, Troels zai zauna da laifin har abada. Sai kowa ya gani." Ta hau sama da kanta wurin manaja da takardarka. Ta roƙi Halfdan ya riƙe wani cukun Alhamis zuwa yau don mu kai lambar.

Yau da safe aka mayar da ni ɗakin ƙasa. Bawul ɗin hannu na kulle, don kada ruwa ya fita. Dalsgaard ya cire mabuɗin daga ƙusa ya sa a aljihun rigarsa ya maɓalle. Solvej ta buɗe ƙofar akwatin ta nuna mini jerin. Kawu, fitilunka na nan! Duk watannin nan suna ƙirga a bayan ƙofa ba wanda ya sani. Keji ya sauka, in ja alli, su canja. Kafin mu kai ashirin na iya karanta su, har na riƙa faɗa kafin in duba ƙofa.

Wajen hamsin mutane suka fara saukowa. Preben ya jingina da bango da kofin kofi ya ce, "In bai buɗe ba, Mai Alli, kai za ka wanke motata har Kirsimeti." Na ce in ya buɗe fa? Ya ce, "Sai in ci allin."

A sittin da uku fitilu shida na farko duk suka kama. Ƙugiya na ta ƙara. Na tuna kai ma rantsuwa ka yi, ba gani ba. Kejin ya taho a hankali, ya sauka, ya taɓa ruwa. Shidan nan suka mutu lokaci ɗaya, ta bakwai ta kama. Ƙas.

Dalsgaard ya dafa aljihunsa. Ya ciro mabuɗin ya duba, ya dubi bawul, ya mayar.

Solvej ta juyo ta ce a gaban kowa, "Rabin laifin nawa ne. Na kwafi aikin mutum ban karanta shi ba, na yarda da takarda. Troels ba shi da ko kaɗan, kuma shi ya gano." Sannan ta zauna a kan bokitinta, cikin minti goma ta mayar da ƙirgar cikin wurin ajiya na gaske. Ta sa wa matakin suna Ƙirgar Verner. Ta ce in ta gama sauran za ta aiko maka, amma ka shirya, akwai tambayoyi goma sha ɗaya.

Na miƙa wa Preben allin. Ya gutsira, wallahi, ya tauna, ya ce ya fi cukun ranar Litinin daɗi. Halfdan ya sa hannu ya buge shi a ƙeya, sannan ya ce mini gobe in zo da wuri zai koya mini gane ruwan gishiri da harshe. Dalsgaard bai jira ofis ba. A nan gefen tanki ya ba ni hannu ya ce aikin nawa ne, kuma a sayo mini kwalin alli.

Ka ce kada in tsaya ni kaɗai, to ga waɗanda suka gani da idonsu: Manaja Dalsgaard, da Solvej Brask, da Halfdan, da Ketty mai naɗe cuku da ta bar teburinta ta sauko, da Ib direban tankar madara wanda ya shigo neman kofi ya ƙi fita, da Preben heluma, wanda ya ce in zan rubuta maka in sa sunansa a farko, na ce a ƙarshe zai zo.

Naka,
Troels